Layar da ke Bayan Kwamfutar Madam Rifkatu

Ɗaliban da ake turo mana shago su koyi aiki, sati ɗaya suke yi su ce sun gama iyawa. A ganinsu cire ɗan sa-ido daga kwamfuta faifai ne za ka zura, ka danna, ka tafi cin shinkafa da wake, ka dawo ka tarar an kama maka ɓarawon har an ɗaure shi. Saboda su na zauna nake wannan rubutu. In na faɗa musu da baki waya suke latsawa.

Ɗan sa-ido shi ne sunan da muke kiran abin da ake ɗora wa kwamfuta a ɓoye don ya riƙa kai rahoto. Bairos, wato cutar kwamfuta, mahaukaci ne, in ya shigo sai ya fasa kaya kowa ya san ya zo. Shi kuwa wannan mai ladabi ne. Yana zaune shiru, duk abin da aka buga ya kwashe, duk wasiƙar da aka buɗe ya karanta, ya aika wa uban gidansa ta intanet. Sai ofis ya shekara da shi ana gaisawa.

Ni da shara na fara, a shagon Oga Ndagi da ke Tunga. Oga mutumin Bida ne, injiniya, a bakinsa kowa “kai” ne, har matarsa. Wata safiya ina share ƙarƙashin benci na ga kwamfutar wani ofis da aka kawo gyara, babu mai taɓa ta, amma 'yar fitilar modem ɗin intanet da aka jona mata sai ƙyaftawa take kamar mai amsa gaisuwa. Na tsaya da tsintsiya a hannu na daɗe ina kallo. Ni dama haka nake, abu in bai zauna daidai ba hankalina ba ya kwanciya.

Na ce, “Oga, wannan da wani take magana.”

Ya yi dariya har ya dafa bango. Can ya daina, ya jawo kujera. Bayan awa guda ya ɗago ya ce, “Lami, ajiye tsintsiya. Kai zo ka zauna nan.”

Abin da ya fara koya mini maɓallai uku ne da ake dannawa tare, sai jerin duk abin da ke aiki a cikin kwamfuta ya fito. Sunayen Turanci ne, ni kuwa a aji huɗu na firamare na tsaya. Sai na sayi littafi na kwafe su ɗaya bayan ɗaya daga kwamfuta mai lafiya, na haddace su yadda mace take sanin yaran gidan haya. Ba sai ka san ma'anar sunan yaro ba kafin ka gane ba ɗan gidanku ba ne. Shi baƙon yakan ari sunan ɗan gida ya canza harafi ɗaya. Oga da ya iya karatu idonsa tsallakewa yake, ni da nake bi harafi-harafi da ɗan yatsa sai in ce, “Wannan ba namu ba ne.” In na kama shi, sai mu cire wayar intanet tukuna don kada ya aika saƙon ƙarshe, mu tashi kwamfutar ba kwalliya, daga ita sai abin da ba ta iya rayuwa babu shi, mu bi shi duk inda ya ɓoye ƙafa mu tumɓuke. Wani sai ka goge shi sau uku yana dawowa, don ya bar ƙanensa a wani lungu yana tashinsa.

Kayan aikina ba su da yawa. Littafin nan, faifai biyu, filas ta ɗaukar bayanai daga kwamfuta mai makulli a gefe wadda ba a iya rubuta mata komai, sukundireba, burushin fenti na kakkaɓe ƙura, reza, da zani ɗaya na shimfiɗa wa Ummi, 'yata.

Shekarar da na haifi Ummi ita ce muguwar shekararmu. A lokacin filas ta cika gari. Ofis guda filas ɗaya, tana yawo tebur-tebur kamar moɗar randa. Ka wanke kwamfuta ran Litinin, Laraba a kira ka ta koma gidan jiya. Mutane suka fara cewa mu ne muke saka ciwon da hannunmu don a sake kiranmu. A wani ofis a Wushishi na tarar an lulluɓe kwamfuta da gidan sauro. A Zungeru wani shugaban makaranta ya kulle filas ɗinsa a durowa kwana bakwai, wai in akwai abu a ciki yunwa ta kashe shi, ya fito da ita a gabana yana tambaya ko kwanakin sun isa. Na ce a ƙara biyu, don ban ga amfanin gardama ba, sannan na wanke ta.

A cikin wannan shekarar aka kira mu ofishin Alhaji Bawa a Bosso. Ɗan kwangila ne mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Kukansa ɗaya: duk takardar neman kwangilar da ya kai, sai wani abokin gasarsa ya kai tasa da farashin da ya gaza nasa kaɗan, kamar tare suka zauna suka rubuta. Wata biyar bai ci aiki ko ɗaya ba. Kwamfutar da ake buga takardun ɗaya ce, mai buga su ma ɗaya, Madam Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Shekara tara tana ofishin.

Ranar farko na kama 'yan sa-ido uku a kwamfutarta. Shi ya sa in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Ina cikin aiki akantan ofishin ya zo ya tsaya a kaina, ya yi wa Ummi wasa a bayana, ya rage murya.

“Maman yarinya, akwai wani a ciki mai suna kaza. Wannan ki bar shi. Nawa ne.”

Bayan azahar Alhaji da kansa ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce wani yaro daga Kaduna ya saka masa ɗaya don ya riƙa ganin abin da ma'aikata ke yi, wannan kada in taɓa, in cire na maƙiya kawai. Na tambaye shi ina rahoton yake zuwa. Ya ce imel. Na ce yana karantawa? Ya ce lambar sirrin ta ɓace masa tun bara. Shi ma akanta da Oga ya matsa masa, sai ya ce ai yaron da ya buɗe masa imel ɗin ya tafi bautar ƙasa da lambar. Na ukun kuwa ya shigo ne tare da wani biri mai rawa da aka ɗora a allon don nishaɗi. Wato 'yan sa-ido uku suna ta aikin kai tsegumi ba dare ba rana, babu mai sauraro.

Muka cire duka ukun. Oga ya rubuta takarda ya sa hannu cewa kwamfuta ta fita tsaf. Bayan sati uku Alhaji ya sake faɗuwa kwangila, da irin ratar nan dai.

Da muka koma, takardar Oga ce a hannun Alhaji. Ya ce, “Kun ce kwamfuta lafiyarta lau. To in ba kwamfuta ba ce, mai kwamfuta ce.” Ya ce dama an faɗa masa maƙiyin a cikin ofis yake, kuma mace ce. Mace kuwa ɗaya ce a ofishin. Ya ba mu zuwa Juma'a. In ba mu samo komai ba, Rifkatu ta tattara kayanta, kuma daga nan wajen 'yan sanda za a wuce da ita. Duk wannan a gabanta ya faɗa, tana zaune ta ɗora hannu biyu a cinya.

Kun ga inda aikin yake da wuya. Takardar da muka rubuta da gaskiyarmu ita ce za ta ɗaure baiwar Allah.

Kwana biyu na yi a kan kwamfutar nan. Na bi jerin da ɗan yatsa sau ya fi ashirin, duk 'yan gida ne. Na zauna ina kallon fitilar modem kamar mai jiran wata, ba ta ƙyafta ba sai in an taɓa. Oga ya kawo sabon faifai daga Abuja, shi ma bai ga komai ba. Rifkatu kan kawo mini kunun gyaɗa a fulas, ta ce, “Maman Ummi, sha. Ba laifinki ba ne.”

Ran Alhamis da hantsi na shimfiɗa wa Ummi zani a gefen tebur. Watanta tara a lokacin, ta fara rarrafe, komai ta samu baki. Na juya in duba littafina, da na waiwaya babu ita a kan zanin. Sai ƙafafunta na gani a ƙarƙashin tebur, can bayan kwamfuta inda wayoyi suke. Na shiga da rarrafe na jawo ta, sai na ga abin da take tsotsa. Laya ce, jar fata, doguwa kamar babban yatsa. Akwai irin launinta a ƙugun Ummi, wadda kakarta ta ɗaura mata, ina jin shi ya ja ta.

Na goge bakin yarinyar da gefen mayafi, na tofa mata duk addu'ar da na iya. 'Yata ta lashi layar da ban san mai ita ba, ban san me aka rubuta a ciki ba, ban san wa aka nufa da ita ba.

Na ce, “Anti Rifkatu, wannan ta waye?”

Ta leƙo, ta ja da baya. “Kar ki taɓa. Wata biyar yana wurin. Akanta ne ya sa don ya kore ni. Kullum da safe ina yayyafa masa man zaitun daga nesa.”

Aka kira akanta. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce shi duk zatonsa tata ce, shi ya sa yake zagayawa ta bayan kabad in zai je wajen firinta. Masinja ya ce shi kewaye ta yake da tsintsiya. Oga Ndagi ya durƙusa ya kalla, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

“Lami, ni injiniya ne. Wannan ba layinmu ba ne. Kai fito daga wurin.”

Da ba don Ummi ta sa ta a baki ba, wallahi da na fito. Amma dole in san abin da 'yata ta lasa. Na koma ciki na yi bisimilla na kama ta. Duk macen da ta yi goyo ta san laya a hannu. In ka matsa ta takan ɗan lotsa, don takarda ce a naɗe. Wannan tauri gare ta kamar batir. Ɗinkin na mai gyaran takalmi ne, har da warin gam. Sannan laya rataya ta ake yi da zare. Wannan kuwa wayar kibod ce ta shiga ta gindinta, kanta kuma yana soke a jikin kwamfuta. Jona ta aka yi.

Ina cikin zaro ta sai ga takalman Alhaji a gaban tebur.

“Ke yarinya, wa ya ce ki taɓa wannan?”

Na fito da rarrafe, laya a hannu, ƙura a goshi. Na ce, “Ranka ya daɗe, taka ce?”

Ya kalli ma'aikatansa, ya ga babu mafita. Ya ce tasa ce. Wata biyar da suka wuce ya faɗi wata kwangila, yana ƙorafi a majalisa, sai wani ya kwatanta masa wani malami a Beji da ya san addu'ar kwamfuta. Malamin ya ba shi wannan, ya nuna masa yadda ake jona ta, ya ce kada kowa ya gani. Duk sati biyu, in ma'aikata sun fita cin abinci, Alhaji kan shiga ƙarƙashin teburin nan da babbar rigarsa ya cire ta, ya ba direba ya kai Beji tare da kaza ɗaya ta sadaka, a sabunta mata tofi a dawo da ita. Da abin ya ƙi ci, malamin ya ce maƙiyin da ƙarfi yake, mace ce a cikin ofis, a koma kawowa duk sati.

Na ce, “Alhaji, kafin layar nan kwangila nawa ka faɗi?”

“Ɗaya.”

“Bayan ta fa?”

Ya ce dai in aka buɗe ta ƙarfinta ya karye, kuma duk abin da ya biyo baya wanda ya buɗe ya kuka da kansa. Na kalli Ummi. Gaskiya a nan na so in mayar da ita inda na same ta in kama hanyar gida. In ayoyi ne a ciki fa? Na keta sunan Allah da reza a gaban mutane, da goyo?

Rifkatu ce ta miƙe. Ta ɗauki Ummi ta saɓa a kafaɗa, ta ce, “Maman Ummi, buɗe. In takarda ne a ciki, ba sai Juma'a ba, yanzu zan tafi wajen 'yan sanda da ƙafana.”

Na zaro reza. Ɗinki takwas ne, na ƙirga su. Fatar ta buɗe, wani baƙin roba ya faɗo a kan tebur, mai baki biyu, da ƙananan rubutun Turanci a jiki. Takarda ɗaya ce a ciki, wadda aka cusa don kada ya yi motsi, guntun jarida ne, shafin ƙwallo.

Alhaji ya ɗauka ya jujjuya. Ya ce, “Wataƙila irin ta zamani ce.”

Oga Ndagi kuwa, da ya ga roba, nan take abin ya dawo layinsa. Ya karɓe yana faɗa wa kowa cewa dama ya yi zargin haka. Ya ce wannan ɗan sa-ido ne na hannu. Ba ya shiga cikin kwamfuta balle faifai ya gan shi, ba ya buƙatar intanet. A kan hanya yake zama tsakanin kibod da kwamfuta, duk harafin da ya wuce ya haɗiye, sai an ɗauke shi an kai wa mai shi ya amayar. Ya shiga intanet ya nemo kalmar sirrin da masu ƙera shi suke sa masa, mun fi rabin awa muna jiran shafin ya buɗe. Aka ci sa'a mutumin Beji bai canza ta ba. Oga ya jona, ya buɗe farin shafi, ya buga kalmar, ya ɗauke hannunsa.

Sai rubutu ya fara fitowa da kansa, babu mai taɓa kibod. Masinja ya fita waje. Ga takardar kwangilar da za a kai ran Litinin, da farashin kowane bututu. Ga jerin matan zumunta da za su yi girki ran Lahadi. Ga wasiƙar barin aiki da Rifkatu ta fara sau shida tana gogewa, kowacce a layi na biyu take tsayawa. Can ƙasa kuma sai ga wani rubutu mai yawan kuskure, na mai buga kibod da yatsa ɗaya: Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, Alhaji Bawa. Layi na biye, haka. Na biye ma haka. Ya fi sau talatin, wani da manyan baƙaƙe, wani an ƙara Dakta.

Akanta ya kama tari. Alhaji ya ce, “Injiniya, kashe. Mun gani.”

Washegari aka tura direba Beji, ba laya ba kaza. Ya tarar da ɗaki a kulle. Maƙwabta suka ce su ba su san shi da malanta ba, shagon buga takardu yake da shi a da, kuma ƙanen matar ɗan kwangilar nan ne abokin gasar Alhaji. Ya bar gari da asuba, amma bai iya kwashe kajin ba, sun hayayyafa sun dami unguwa. Direba ya dawo da bakwai a bayan mota.

Alhaji bai ba Rifkatu haƙuri ba, irinsu ba sa iyawa. Ya tsaya a gaban teburinta yana gyara hula ya ce, “Madam, Litinin ki zo da wuri, za mu canza farashin nan.” Sannan ya sa direba ya ɗaure kaji uku a bayan mashin ɗin da zai kai ta gida. Ɗaya ta aiko mini har Tunga, mai wake-wake. Ita muka yanka ranar da haƙorin Ummi na farko ya fito, wanda shi ne kaɗai abin da ya same ta bayan lasar layar, ko da yake sati biyu na yi ina taɓa goshinta.

Kafin mu bar ofishin Alhaji ya sake kirana ya rufe ƙofa. Ya miƙo mini jar fatar, ya ce in ɗinke ta yadda take in rataya a wurin. Na ce ai babu komai a ciki, ranka ya daɗe. Ya ce ya sani, amma tun da aka sa ta bairos bai taɓa kama kwamfutar ba, ba a san inda albarkar take ba. Na fito na koma teburin Rifkatu, na cusa mata guntun jaridar, na ɗinke, na rataya da zare.

To, ku masu faifai. Duk wanda aka turo mini, ranar farko ba ya taɓa kibod. Burushi nake ba shi, ya shiga ƙarƙashin tebur da rarrafe, ya bi kowace waya da hannu daga inda ta fito zuwa inda ta shiga, ya faɗa mini abin da ya tarar a hanya. Masu farin wando suna jin haushina, na sani.

Watan jiya na je ofishin Bosso saka sabuwar kwamfuta. Madam Rifkatu tana nan a teburinta, babban ɗanta ya shiga kwalejin fasaha. Layar ma tana nan a rataye. Akanta yana wurin lokacin da na ɗinke ta, ya ga abin da na cusa da idonsa, amma har yau in zai je wajen firinta ta bayan kabad yake zagayawa.